Bukukuwan Kaka a Ƙasar Jibiya da Kwarin Maraɗi

Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin bukukuwan da mutanen karkara kan yi bayan an kau da amfanin gona a ƙasar Jibiya da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita a tsallaken iyaka, tare da kaɗe-kaɗe da ciye-ciyen da ke tafiya da su. An zaɓi wannan yanki ne domin wuri ne da jama'a masu harshe ɗaya da tuwo ɗaya suka shafe kimanin shekara 200 a ƙarƙashin hukumomi biyu: da fari Katsina da Maraɗi, sa'an nan Ingila da Faransa, daga bisani kuma Nijeriya da Nijar. A irin wannan wuri ne ake iya gane abin da hukuma ke iya yi wa al'ada, da kuma abin da ya fi ƙarfinta.

Jibiya tana yamma maso arewa da birnin Katsina, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai. A Magama hanya ta rabu biyu, ɗaya ta miƙe yamma zuwa Gurbin Ɓaure da Ƙauran Namoda, ɗaya kuma ta yi arewa ta bi ta shingen kwastan zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Amma tun kafin a yi hanyar mota akwai abin da ya ɗaure yankin wuri guda, watau kogin Gada, wanda idan ya shiga Nijar ake kiransa Gulbin Maraɗi. Yakan ratsa ƙasar Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. A bakin wannan ruwa aka yi garuruwa da kasuwanni, a nan kuma aka yi dandali.

Lokacin da ake buki

Wanda ya karanta labarin ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, irin su Girka da Italiya, zai tarar manyan bukukuwan ƙauyukansu a tsakiyar watannin zafi ake yin su, musamman ranar 15 ga Agusta, lokacin da 'yan ƙauyen da ke aiki a birane kan koma gida, a dafa abinci a manyan tukwane, a kwana ana kiɗa da rawa. Dalilin a fili yake. Su ruwansu da sanyi yake sauka, alkamarsu kuwa a Yuni da Yuli ake girbe ta, saboda haka Agusta kan riske su da hatsi a ɗaka da hannu a sake. A ƙasar Hausa kuwa Agusta ita ce tsakiyar marka. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, magidanci yana gona tun da asuba, mata suna cikon tukunya da tafasa da rama da yaɗiya. Wanda ya kira taron wasa a wannan lokaci, sai a tambaye shi ko lafiya. Kiɗan da ake ji da damina shi ne na gangar noma a wurin gayya, shi kuwa kiɗan aiki ne, ana yinsa domin a zuga mai garma ya ƙara ƙwazo.

Sai an soma gasa tumu wajen watan Satumba fuska ke sakewa. Gero ne kan fara shiga gida, maiwa da dawa da wake su biyo baya a Oktoba da Nuwamba. Idan an ɗaure dami an cika rumbu, iskar hunturu ta soma kaɗawa, farin wata ya fito, to lokacin buki ya yi.

A nan ya kamata a lura cewa lissafi biyu ke gudana a ƙauye. Akwai na watannin Musulunci, wanda Sallah Ƙarama da Babba da Maulidi da cika-ciki da tashe suke bi, shi kuwa kewayawa yake yi, yau ya faɗo da rani, bayan wasu shekaru ya faɗo da damina. Akwai kuma lissafin manoma, wanda ake somawa daga kaka a ƙirga har zuwa faɗuwar ruwa, shi ne ya haifar da karin maganar nan da ke cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Bukukuwan da wannan lacca ta sa a gaba na lissafi na biyu ne. Ba liman ke sanar da ranarsu ba, rumbu ne.

Abin da ake yi a dandali

Bukin da ya fi shahara a ƙauyukan ƙasar Katsina da Kano da Zazzau shi ne kalankuwa. Samari da 'yan matan gari ke shirya shi. Sukan tara kuɗi da hatsi, su aika da goron gayyata zuwa ƙauyukan da ke kewaye, su ɗauko makaɗan kalangu, sa'an nan a raba baƙi gida-gida, kowane magidanci ya san bakin da zai ciyar. Abin da ya bambanta kalankuwa da sauran wasanni shi ne, a 'yan kwanakin nan samari kan kafa hukumarsu. A naɗa Sarki da Waziri da Alƙali, a naɗa Gwamna da Di'o da Likita da 'yan doka, kowa ya yi shigar da ta dace da muƙaminsa. A kama mai laifi, a gurfanar da shi, a ci shi tara, jama'a na ta dariya. A ƙasar Damagaram akwai ɗan'uwan wannan wasa da ake kira wasan kara, inda ake ƙera bindigogi da motoci da sauran kayan mulki da karan dawa. Wanda ya ɗauki wannan a kan shiririta ta yara bai duba da kyau ba, domin sau da yawa abin da talaka ya kasa faɗa wa mai unguwa ko ɗan doka a cikin shekara, a bakin Alƙalin kalankuwa yake fitowa.

Kokawa ita ce wasan manoma, dambe kuwa asalinsa na mahauta ne. Wannan rabo yana da dalili na tattalin arziki. Da kaka ne kawai ƙauye ke iya sayen nama da yawa, saboda haka rundawa kan bi gari-gari, su yanka sa, su kafa tukubar tsire da balangu, da yamma kuma samarinsu su naɗe hannu da zare su shiga fage, makaɗin kalangu yana kiran sunansu. Shi ya sa kalangu ya zama kiɗan fawa kuma kiɗan dambe, kamar yadda dundufa take ta maƙera, talle ta 'yan tauri da mafarauta, garaya da goge kuma na 'yan bori. Kowace sana'a da takenta, kuma mutum kan ji take daga nesa ya san waɗanda suka iso gari. Inda mahauta ba su zo ba, magidanta kan haɗa kuɗi su yi watanda, a yanka saniya a kasa ta kashi-kashi. Ta fuskar yamma, wajen ƙasar Gobir da Zamfara, akwai 'yan hoto masu cilla garma sama ta faɗo musu a jiki don nuna ƙarfin maganin ƙarfe. Fulani kuma kan yi sharo a gefen kasuwa. 'Yan mata na gaɗa da asauwara a dandali, matan aure kuwa na kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gida.

Abincin buki ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a cikinsa ake ganin yadda zaman jama'a yake. Tuwon sabon gero ko na dawa ne uban tafiya, da miyar taushe, tun da kabewa ma a lokacin take kaka. Ga waina da ƙosai da ɗan wake da dambu, ga ƙuli-ƙuli da dakuwa daga sabuwar gyaɗa, ga alkaki da nakiya inda aka haɗa da aure, domin mafi yawan aurarrakin ƙauye da kaka ake yin su. Yawancin waɗannan tallan 'yan mata ne, ribar kuwa ta iyaye mata ce, da ita ake tara kayan ɗaki. To, amma a dubi ƙwaryar fura ita kaɗai. Geron na Bahaushe ne, nonon kuwa na Bafulatana ce wadda mijinta ya kawo shanu su ci kara da harawa a gonar da aka girbe, su bar wa mai gona taki. Gishirin miya da dabinon da ake ba yara, a da ayarin Buzaye ke kawo su daga Bilma da Fashi, su sauka a gonaki da raƙumansu, su yi musaya da gero su koma arewa. Watau ba a iya haɗa akushin buki ɗaya sai manomi da makiyayi da mai raƙumi sun yarda da juna. Za a ga amfanin wannan magana nan gaba.

A kwarin Maraɗi an sami wani Bafaranshe masanin halayyar jama'a, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a can, ya kuma wallafa manyan littattafai biyu a kan yankin a 1975 da 1986. Daga cikin abubuwan da ya bayyana akwai bukin dubu. Manomin da Allah ya ba dami dubu a shekara guda kan tara jama'a, ya gayyaci takwarorinsa, ya yi ta rabon hatsi da tufafi da dabbobi ga makaɗa da maroƙa da mabukata, har sai abin da ya tara ya tafi, sa'an nan ya tabbata Sarkin Noma. Mai lissafin riba zai ce wannan almubazzaranci ne. Amma a ƙasar da ba banki, kuma fari na iya zuwa kowace shekara, wanda ya ciyar da ƙauyuka goma ya ajiye hatsinsa ne a wurin da gara ba ta ci. Ko ita kanta kalmar buki tana ɗauke da wannan ma'ana, domin a bakin mata buki shi ne gudummawar da ake kai wa ƙawa ranar aure ko suna, wadda ita ma za ta mayar da ninki idan ranar ta zagayo. Akwai kuma buɗin daji, wanda Arna kan yi 'yan watanni bayan girbi, a yi yanka, a yi duba a kan yadda damina mai zuwa za ta kasance, a buɗe lokacin farauta. Wanda ya fi suna shi ne na Masallata kusa da Birnin Ƙonni.

Katsina biyu

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya soma a 1804, birnin Katsina kuma ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarakunan Haɓe suka yi arewa. Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya gaje shi, bayan zaman gudun hijira a Damagaram ya kafa sabuwar hukuma a Maraɗi wajen 1819. Har yau sarautar ana kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi. Waɗannan gidaje biyu sun tafi da tsarin sarautarsu na da, har da sarautar mace mai shugabantar bori, wadda ake kira Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Saboda haka a arewa bori da yankan Arna suna da mazauni a fada, a kudu kuwa sai suka koma gidajen Maguzawa da bayan gari.

Kada a ɗauka cewa jihadi ya hana wasa baki ɗaya. Abin da malaman jihadi suka fi suka a rubuce-rubucensu shi ne yanka domin iskoki, da shan giya, da cakuɗuwar maza da mata a wurin kiɗa. Kokawa ba ta shiga wannan sahu ba, kuma masu kare ta kan kafa hujja da labarin kokawar Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Rukana. Fadar Katsina ma ba ta rabu da makaɗa ba. Abin da ya raunana buki a wannan yanki a ƙarni na 19 yaƙi ne. Tawayen ƙasar Ruma a farkon shekarun 1840, wanda Ɗan Mari na Maraɗi ya mara wa baya, ya ƙare da watsewar garuruwa masu yawa. Hare-haren Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, da ramuwar gayyar Katsinawa, suka mayar da ƙasar da ke tsakanin biranen biyu daji, matattarar namun dawa da 'yan samame. Mutanen da ke kwana a bayan ganuwa, suna noma da kwari da baka a rataye, ba su aika goron gayyata zuwa ƙauyen da ke nesa. Kalankuwa tana bukatar hanya mai lafiya da dare mai lafiya, domin baƙi da ƙafa suke zuwa, kuma ba a tashi sai asuba.

Zamanin Turawa da kuɗin gyaɗa

Ingilishi sun shiga Katsina a 1903. Iyakar da ake gani yau ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. A wannan ɓangare dai Turawa ba su ƙirƙiro rabuwa ba, sun tarar da ita ne tsakanin Katsina da Maraɗi suka buga mata hatimi. Abin lura shi ne, zuwan wannan iyaka ya zo daidai da ƙarewar yaƙi. Dajin da aka guje wa aka shiga sara, aka raya kufai, aka kafa sababbin tungaye. Mutane da yawa kuma suka ƙauro daga ɓangaren Faransa don gudun aikin tilas da ɗibar soja, aikin da ba a soke shi ba sai a 1946. Wanda ya ƙaura bai yanke zumunci da garinsu ba. Da kaka yakan koma ganin gida, ya aurar da 'ya can, ya auro wa ɗa daga can.

Sai kuma gyaɗa ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗar Maraɗi kuma ta Katsina da Kano ake fitar da mafi yawanta, ta wannan hanya da ta ratsa Jibiya. A karo na farko saurayin ƙauye ya riƙe kuɗi nasa na kansa a watan Disamba. Gaskiya ne haraji na jiransa a daidai lokacin, amma abin da ya rage ya ishe shi ɗinka riga, ya yi wa makaɗi kari, ya yi wa budurwa toshi. Ana iya cewa tsakanin shekarun 1930 da farkon shekarun 1970 ne bukukuwan kaka suka kai ƙarshen bunƙasarsu. Muƙaman Gwamna da Di'o da Likita da ke cikin kalankuwa su kansu shaida ne cewa wasan, a sigar da tsofaffin yau suka sani, a wannan zamani ya ginu. A wannan zamani ne kuma makaɗan maza irin su Ɗan Anace, mai yi wa Shago waƙa, suka yi suna, rediyon Kaduna ya kai muryarsu ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, a ɓangarorin iyaka biyu.

Hukumomi biyu, hanya biyu

Bayan samun mulkin kai a 1960 ƙasashen biyu suka bi da wasannin gargajiya ta hanyoyi daban. A Nijar, gwamnatin Seyni Kunce da ta hau mulki a 1974 ta rushe jam'iyya, ta nemi abin da za ta riƙe matasa da shi, sai ta ɗauko tsohuwar ƙungiyar samarin ƙauye, wadda ita ce ke shirya gayya da wasa, ta mai da ita hukumar Samariya, tun daga unguwa har zuwa ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka soma gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake kira Takobi, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ne ya fara cin ta. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Daga nan kokawa ta sami alƙalai da agogo da dokoki a rubuce, ta sami filaye na siminti a manyan birane, kowace jiha tana kawo 'yan kokawa goma. An ci riba, domin ɗan kokawar ƙauye ya san akwai tsani daga dandalin garinsu har zuwa gaban shugaban ƙasa. An kuma yi hasara, domin samarin da ke kwaikwayon hukuma suna yi mata dariya sun zama masu yi mata fareti.

A Nijeriya hankalin hukuma ya fi karkata ga abin da za a nuna wa baƙi, kamar hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bukin FESTAC na 1977, da bukin kamun kifi na Argungu. Wasannin ƙauye aka bar su ga masu su. Dambe sai ya kama hanyar kasuwa, ya bar bin kaka, ya koma gidajen dambe na birane inda ake biyan kuɗin ƙofa ana yi rani da damina, aka kasa 'yan wasa rukuni uku, Kudu da Arewa da Guramada. Kalankuwa ba ta sami mai ɗaukarta ba, ba hukuma ba 'yan kasuwa. Ma'aikatan al'adu na jihohi kan tuna da ita ne idan ana neman abin da za a kai gasar ƙasa, a ɗebo samari a mota a kai su su yi ta da rana tsaka a gaban manyan baƙi, ba baƙon da aka saukar, ba tukunyar da aka ɗora.

Abubuwa biyu suka taru suka rage wa bukin ƙarfi a ɓangarorin biyu. Na farko fari ne. Na 1973 ya kashe dabbobi ya kwashe rumbuna, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage na cinikinta. Daga nan saurayi ya daina jiran kuɗin kaka, da an gama girbi sai ya tafi ci-rani Kano ko Legas, dandali ya zama na yara. Na biyu wa'azi ne. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ta bazu har Maraɗi a shekarun 1980, ta kuma yi tsananin suka ga bori da kiɗan dandali da kashe dukiya a wurin buki. Wa'azin ya sami karɓuwa a wurin 'yan kasuwa da matasa, wataƙila domin ya zo a lokacin da nauyin buki ya soma fin ƙarfin aljihu. A shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a Nuwamban shekarar kuma aka yi tarzoma a Maraɗi inda aka far wa mashaya da gidajen da ake zargi da baɗala.

Ita iyakar fa? An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, daidai da wata babbar yunwa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. An sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Kowace rufewa ta tsayar da manyan motoci a Magama, ta tada farashin hatsi da dabbobi, ta jefa dubban masu ƙaramar sana'a cikin wahala. Amma ba ta hana mai zuwa suna ko ɗaurin aure bin hanyar gona ba, kuma ba a taɓa jin makaɗin da ya fasa zuwa wasa don ba shi da fasfo ba.

Daren da aka rasa

Abin da shingen kwastan ya kasa yi, 'yan bindiga sun yi shi. Rikicin da ya taso daga Zamfara a farkon shekarun 2010, wanda ya soma da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai, ya bi dajin Rugu ya iso ƙasar Jibiya da Batsari da Safana, ya kuma tsallaka zuwa dajin Baban Rafi a ƙasar Madarumfa. Daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, watau suka bi sawun da kakanninsu suka bi zuwa kudu a zamanin Faransa, amma a juye. Dajin da ya raba Katsina da Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore ya koma abin da yake a da.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta fitar da dokar taƙaita matsalar tsaro. Daga cikin abin da dokar ta ƙunsa akwai rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, da dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Jibiya da wasu kasuwanni, da hana hawan babur da dare, ba da jimawa ba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. An sassauta waɗannan matakai daga baya, kuma ba wanda ya yi su da nufin taɓa al'ada. Amma idan aka jera su kusa da abin da aka bayyana a baya, za a ga kowane ɗaya ya faɗa a kan wata ƙafa ta buki: hanyar da baƙo zai biyo, da san da mahauci zai yanka, da daren da za a yi wasa. Rumbun ma ya tashi daga matsayinsa, domin a wuraren da ake kai hari manomi ba ya son a ga ya tara, da ya girbe sai ya sussuke ya kai gari ya ajiye a shago ko ya sayar. Bukin dubu shela ce ta cewa wane ya samu, a yau kuwa irin wannan shela kiran masu garkuwa da mutane ce.

Mafi muni shi ne abin da ya sami ƙwaryar fura. Bafulatanar da ke kawo nono da matar manomin da ke kirɓa gero sun daɗe suna cuɗanya, sun san sunayen 'ya'yan juna, wasu har ƙawance suke ƙullawa. A ƙauyuka da yawa wannan ciniki ya tsaya, rugage sun tashi, wanda bai taɓa ɗaukar makami ba a kowane ɓangare shi ma ana yi masa kallon zargi. Sharo ya yi wuyar gani a gefen kasuwannin yankin. A garuruwa da dama da madarar gari ake dama fura.

Wasannin da suka sami gida mai katanga su ne suka tsira. Dambe yana nan a Katsina da Kano da Abuja, ana ɗaukarsa a waya ana sa wa a YouTube, har mutanen ƙasashen waje na kallo. Gasar Takobi tana nan tana zagaya jihohin Nijar takwas, galibi a ƙarshen shekara, watau dai ba ta bar lokacinta na asali ba, bayan an cika rumbu. Gidajen rediyon Hausa kan kawo labarinta kowace rana har a gama, kuma a Jibiya da Magama, idan ɗan kokawar Maraɗi ya shiga fili da na Dosso ko na Yamai, ba a tambayar wanda masu saurare ke goyon baya.